Faɗuwa Ko Duka Ga Mai Juna Biyu

Idan mai ciki ta faɗo daga kabukabu, ko aka buge ta a ciki, mabiyiya tana iya ɓanɓarewa daga jikin mahaifa. Wani lokaci jinin a ciki yake taruwa, ko ɗigo ba za a gani a zane ba. Saboda haka kada a jira ganin jini, kada a tsaya gashi da ruwan zafi. A kawo ta asibiti nan Gawon Nama ko da tsakar dare ne, musamman in ciki ya yi tauri ko ɗa ya rage motsi.

'Yar'uwa, in duka ne, kada ki ce santsin banɗaki ne. Ki keɓe da ungozoma ki gaya mata, za ta riƙe sirrinki. Tun 2021 Jihar Sakkwato take da dokar hana cin zarafi, kuma ta haɗa har da dukan matar aure.