Darasi Na 23: Kare Ko Karya?

Kafin mu fara karatu, ku dubi kalmomin nan huɗu a allo: kare, ƙare, karya, ƙarya. Lanƙwasar kan harafi ɗaya ce ta raba su. Wanda ya sa lanƙwasa inda ba wurinta ba, ya rubuta wa maƙwabcinsa, "Ƙaryarka ta haihu," lalle ya jawo wa kansa faɗa. Darasinmu na yau a kan kare ne da matarsa karya, da ɗansu kwikwiyo.

Inda Karnukan Su Ke Fitowa

Da yawa daga cikinmu mu kan tafi Kano cin rani, mu sauka a Fagge ko Sabon Gari. Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye masu raƙuma, a bayan ganuwar birni. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A unguwannin nan akwai manyan kasuwanni, kamar Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, ga kuma kwata inda a ke yanka dabbobi. Inda abinci ya ke zuba a juji kuwa, nan karnuka marasa ubangiji su ke taruwa.

Wani lokaci mutum ya kan ga kwikwiyo a kwalbati yana kukan yunwa, tausayi ya kama shi. Ko kuwa mai gadin kanti ya ce masa, "Malam, karyata ta haihu, zo ka zaɓi ɗaya ka tafi da shi ƙauye." Jinƙan dabba abu ne mai kyau, malamai kuma sun gaya mana an halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. Amma kafin ka miƙa hannu, sai ka tsaya ka yi tunani: namiji za ka ɗauka ko mace?

Yadda A Ke Gane Su

Kada ka dubi nonuwa, gama namiji da mace duka suna da su. Ka kwantar da kwikwiyon rigingine. In namiji ne, za ka ga gabansa a tsakiyar ciki, kusa da cibiya. In mace ce, nata yana can baya tsakanin ƙafafu, kusa da wutsiya.

Halin Karya

Karya ta kan fi zama gida. Amma tun tana da wata 6 zuwa 12 ta ke fara neman namiji, daga nan kuma kamar sau biyu kowace shekara. Kowane karo ya kan ɗauki mako biyu zuwa uku. A kwanakin nan karnukan unguwa su kan taru a ƙofar gidanka, suna faɗa dare da rana. Cikinta kwana 63 ne, watau wata biyu da 'yan kwanaki. In tana jego kuma ta kan yi zafin rai, ta ciji yaron da ya taɓa 'ya'yanta.

To, mu yi lissafi. A ce ta haifi 6 da rani, ta sake haihuwar 6 da damina. Shekara guda ke nan kana da bakuna 12 ban da uwarsu. Wa zai ci da su? Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Da yawa daga cikin karnukan da mu ke gani a jujin Fagge, asalinsu 'ya'yan karyar wani gida ne, waɗanda aka rasa yadda za a yi da su aka yar.

Halin Kare Namiji

Namiji ba ya haihuwa a gidanka, ya kan kuma fi mace girma kaɗan. Aibinsa yawo. Da ya ji ƙanshin karya mai neman barbara, ko da nisa, sai ya bar gonar da aka ba shi tsaro, ya yi kwana biyu ko uku ba a gan shi ba. Ya kan komo da kunne a yage da rauni a wuya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta wurin cizo ne haukan kare ya ke shiga jikin dabba.

Mutane su kan ce namiji ya fi tsaro. Mu dai abin da muka gani shi ne, mace ma tana haushi in baƙo ya doso, ta kan kuma kori ɓarawon akuya kamar yadda namiji ya ke yi. Karen da ya ƙoshi, ya saba da mutanen gida, yana kwana inda aka ajiye shi, shi ne mai tsaro, ko namiji ne ko mace.

Wanne Za Ka Ɗauka?

In gidanka yana da katanga ko danga mai ƙarfi, kana iya tsare karya mako uku sau biyu a shekara, to, ɗauki mace. In ba ka da wurin tsare ta, ba ka kuma san wanda zai karɓi 'ya'yanta ba, ɗauki namiji, ka riƙa ɗaure shi in ya fara yawo. Likitan dabbobi yana iya fiɗiye namiji, yawonsa ya ragu, haushinsa kuwa yana nan. Yana kuma iya yi wa mace aiki ya cire mahaifa, ta daina haihuwa. Kada ka gwada wannan da wuƙa a gida. Kada kuma ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8, in dai uwar tana da rai.

Haukan Kare

Cutar nan ba ta zaɓen namiji ko mace, kwikwiyo ma ya kan ɗauke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. Ta kan ɓuya a jikin kare makonni ko watanni, yana wasa kamar lafiyayye. Saboda haka karen da aka tsinta a titi, a fara kai shi asibitin dabbobi kafin a hau mota da shi. A gida kuma a keɓe shi daga yara har likita ya ce a sake shi.

Wani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ne ya fara yi wa mutum allurar cutar nan a 1885, yaron da ya yi wa kuma ya rayu. A ƙasarmu a kan haɗa allurar karnuka a Vom kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cutar dabbobi tun 1924. A kan yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, sa'an nan a maimaita kowace shekara. Ka adana takardar allurar inda ka ke ajiye takardar haraji.

In ka ga kare ya sake hali, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da dutse, kada ka kusance shi. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a kwana. A ɗaure karen a lura da shi kwana 10. Allura tana ceton mutum in an yi ta da wuri, amma in ciwon ya bayyana, kusan ba mai tashi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin karya da ƙarya?
2. Kwana nawa karya ta ke yi da ciki?
3. In karya ta haifi 5 sau biyu a shekara, nawa za ta haifa a shekara 3?
4. Wata nawa kwikwiyo zai kai kafin a yi masa allura?
5. In kare ya ciji ɗanka, me za ka fara yi?

Aikin gida: kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa da ke cin rani a Fagge wasiƙa mai layi biyar, ya gaya masa wanne zai kawo gida, kare ko karya, da dalili.