Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Komawa Jami'a Bayan An Girma

Gabatarwa

A cikinmu akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati waɗanda suka gama digiri na farko shekaru goma ko ashirin da suka wuce, yanzu kuwa suna marmarin ƙaro karatu ba tare da sun bar aiki ba. Wannan marmari mai kyau ne. Amma da yawa sukan fara da himma, su watsar a tsakiya, kuɗi ya tafi, takarda ba ta samu ba. Abin da yakan kā da su ba shekaru ba ne, rashin lissafi ne tun daga farko.

Ƙofa a buɗe take

An kafa Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sa'an nan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki a 2007, ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa, wasu jami'o'i kuma suna koyarwa da yamma ko a ƙarshen mako. Saboda haka kada kowa ya ce lokacinsa ya wuce.

Lissafi huɗu kafin a sayi fom

1. Takardu. Yawancin jami'o'i suna neman digiri mai daraja ta biyu kafin su ɗauki mutum a digiri na biyu. Mai daraja ta uku ko mai HND yakan fara da diflomar gaba da digiri, wato PGD. Za a tambayi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga tsohuwar makarantarka. Nemi wannan da wuri, gama yakan daɗe bai iso ba. Ka tabbata kuma Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince da makarantar da kwas ɗin.

2. Izinin wurin aiki. Nemi izini a rubuce. Wanda ya yi karatu a ɓoye yana iya kawo takarda, a ƙi lissafa ta wajen ƙarin girma.

3. Kuɗi. Ban da kuɗin makaranta akwai na mota, masauki, intanet, littattafai da buga kundin bincike. Idan kuɗin makarantar yara ne zai biya naka, gara ka dakata shekara guda ka yi tanadi.

4. Lokaci da iyali. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ga shi kai kana riƙe da uku: aiki, gida da karatu. Zauna da matarka, ke kuma da mijinki, ku yarda a kan abin da za a rage. Mai riƙe da muƙami a ikkilisiya ya sanar da dattawa tun da wuri domin a raba masa nauyi.

Inda aka fi faɗuwa

Darussan aji suna da ranar jarrabawa mai tilasta mutum ya yi karatu. Kundin bincike kuwa ba mai bin ka da bulala. A nan ne mutane sukan tsaya shekara da shekaru, har wa'adin da jami'a ta ba su ya ƙare. Zaɓi batun da ya shafi aikin da kake yi kullum, ka keɓe sa'a guda kowace asuba domin rubutu, ka riƙa ganin malamin da ke duba aikinka a kai a kai. Kada ka ba wani kuɗi ya rubuta maka, gama wannan sata ce, tana kuma jawo kora ko ƙwace takarda. Idan malamin sa'an ɗanka ne, karɓi gyaransa da tawali'u.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa kake son wannan digiri: ƙarin girma, ƙwarewa, ko suna kawai?
2. Wace hidima ko sabga za ka ajiye har ka gama?
3. Ta yaya za mu taimaki uwa mai goyo wadda ta koma karatu?