Ga 'ya'yana masu zuwa hidimar ɗalibai masu goyo

'Ya'yana, na ji an ce makarantunku sun turo ku koyon aiki wajen ƙungiyoyin da ke tallafa wa iyaye masu karatu a nan arewacin Kano, wasunku wajen Bichi, wasu Dambatta, wasu har Kunchi da Tsanyawa. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama lafiya. Ku ɗan zauna in faɗa muku abin da ba ya cikin takardar da aka ba ku.

Ku fara da sanin wadda za ku yi wa hidima. Ɗaliba ce a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Makarantar Ungozoma ta Dambatta, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako. Tun kafin assalatu ta tashi, ta hura wuta, ta dama koko, ta shirya yara ta tura su makarantar allo, sannan ta goya ƙaramin ta fito bakin titi jiran mota. Kafin malami ya shiga aji, ita ta riga ta yi aikin wuni guda. In kun gan ta tana gyangyaɗi a kan littafi, kada zuciyarku ta raya muku lalaci ne. Ko da kun girme ta, ta riga ku sanin ɗawainiya. Ku kira ta Malama, ko Maman wane, kada ku kama sunanta gatsal a gaban surukanta.

Ba ku ne farkon shiga wannan aiki ba. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri na horar da mata aikin lafiya da tallafin gwamnatin Birtaniya a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. Ƙauyuka ne ke zaɓo 'ya'yansu mata, har da matan aure, a ba su karatun share fage, su shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma su yi wa garinsu aiki. Masu shirin sun lura cewa abin da ke mayar da mace gida sau da yawa ba wuyar darasi ba ne, rashin inda za ta ajiye jariri ne. Sai aka tanadi ɗakin raino a makarantun, da masauki na masu shayarwa. Ku riƙe wannan. Kafin ku tambayi ɗaliba makin da ta ci, ku tambaye ta wa ke riƙe mata yaro ranar jarrabawa.

Amsar kuwa tana cikin gida, don haka sai kun iya shiga gidan mutane. Ku fara da mai unguwa ko dagaci, ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Samari, iyakarku zaure. Ku aiki yaro a yi muku sallama da maigida, ku jira ko da rana ta dame ku. 'Yan mata, in kun shiga, ɗakin tsohuwa za ku fara nufa, ku durƙusa ku gaida ta, ku tambayi gida da gajiya da ƙafa, ku sha ruwan da aka kawo muku a kwanon sha. Wannan tsohuwa ita ce mai zama da jika tun safe har la'asar, tana lallashinsa da kunu har uwarsa ta dawo. In ta ce ta gaji, karatu ya tsaya, ko nawa ƙungiyarku ta biya. Haka abokiyar zama da ta yarda ta karɓi girki a makon jarrabawa: ba wanda zai rubuta sunanta a rahoto, amma ku ku je ku yi mata godiya baki da baki.

Maigida kuma, ina roƙonku, kada ku je masa da wa'azi. Na san a birni kun ji maganganu iri-iri a kan mazan karkara. Mutumin da za ku tarar a zaure, mai yiwuwa akuya ya kai kasuwa ko buhun gero ya sayar ya biya kuɗin rajista, ga kuma surutun majalisa da yake haɗiyewa, ana cewa ya saki mata tana yawon boko. Ku gode masa tukuna. In hira ta kai ga ko ya dace matar aure ta yi karatu, ai muna da namu tarihin. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har cikin gidajensu. Dattijo ya fi saurin sauraron wannan bisa ga kowace ƙasida da kuka zo da ita.

Ku san lokutan ƙasar nan kuma. Gonakinmu a manne suke da juna, ba a barin ko ɗaya ta huta, kowace shekara sai an kai taki an noma. Da ruwa ya sauka, gida kaf ya koma gona, mace na dafa abincin masu noma a kai musu. Magidancin da ke koyarwa a firamare yana neman takardar NCE, shi ma uba ne mai karatu, kuma ba zai bar noman fari ya zo taronku ba. Kada ku sa taro ranar kasuwa ko tsakiyar girbi sannan ku rubuta cewa mutane ba su ba da haɗin kai ba. Mai jego kuwa sai ta yi arba'in. Ku karɓo mata darasin da ya wuce ta wajen ƙawayenta.

Sai amana. Za a gaya muku abin da ba a gaya wa kowa ba: bashin da ake bin gida, saɓani da miji, cikin da ba a bayyana ba tukuna. A nan kowa ɗan'uwan kowa ne, maganar da kuka saki a bakin rijiya da safe, kafin magariba ta kai ƙauye na uku. Kada ku ɗauki hoton mace da goyonta ku sa a Facebook ba da yardarta da ta mijinta ba. Kada ku ce za a ba da kuɗi in ba ku ga kuɗin ba; ku ce za ku isar da saƙo, ku kuwa isar, ku dawo da amsa ko ba mai daɗi ba ce.

Ku wata huɗu ko shida za ku yi ku koma makaranta, ita kuwa ɗalibar, in NCE take yi, shekara uku ce. Saboda haka kada ku bari komai ya rataya a wuyanku ku kaɗai. Ku haɗa ta da wata malama a makarantar da za ta riƙa duba ta, ku haɗa masu goyo 'yan gari ɗaya su riƙa tafiya tare suna karɓa wa juna yaro. Ku rubuta wa wanda zai gaje ku abin da kuka fara da inda kuka tsaya. Ranar tafiya kuma ku koma gida-gida ku yi sallama, ku gaya wa tsohuwa sunan wanda zai zo bayanku.