Fassarar Sunayen Abinci: Darasi Daga Wani Gidan Cin Abinci a Delhi

Gabatarwa

A darasin fassara an koya mana cewa idan mai fassara ya ci karo da abin da babu shi a al'adar masu harshe, hanyoyi uku ne a gabansa: ko ya ari kalmar ya gyara ta yadda za ta zauna a bakin Bahaushe, ko ya kwatanta abin da wani abu da aka sani, ko kuma ya yi bayani. A cikin aji dukkansu suna da sauƙi, domin babu wanda zai ci abin da ka fassara. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada waɗannan hanyoyi a kan takardar jerin abinci ta wani babban gidan cin abinci na Indiyawa, don 'yan'uwa ɗalibai su ga inda kowace take aiki da inda take yaudara.

Misalan na samo su ne a birnin Delhi na ƙasar Indiya. A lokacin hutu na raka wani dattijo ɗan kasuwa daga unguwar Sabo ta Ibadan, aminin mahaifina, wanda ya je ganin likita. Hausa da Yarbanci kaɗai yake ji, ni kuwa Bayarabe ne mai nazarin Hausa, saboda haka na zama tafintansa. Bayan an sallame shi, wani ɗan Nijeriya mazaunin can ya gayyace mu cin abincin dare a wani ƙasaitaccen wuri, irin wanda ake buɗe maka ƙofa, a ja maka kujera. Alhaji yana da ciwon suga, likita ya hana shi zaƙi da yawan maiƙo, sannan ba ya cin naman da bai san yankansa ba. Ke nan duk abin da zai kai bakinsa a daren, da kalmar da na zaɓa zai auna shi.

Inda kwatance ya yi daidai

Abu na farko da aka kawo shi ne burodin da suke kira nan. Alhaji ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan ai gurasa ce." Na ce, "Ita ce, Baba." A nan kwatance bai bar komai a baya ba. Da garin alkama ake yin su duka biyun, kuma a jikin bangon tukunyar ƙasa mai wuta a ciki ake manna su su gasu. Indiyawa suna kiran wannan tukunya tandur, Bahaushe yana kiran ta tanderu. Ba dacewa ba ce kawai. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, ana samun ta tun a harshen mutanen Mesofotamiya na dā, tana nan a Larabci da Farisanci a matsayin tannur ko tanur. Wani reshe ya yi gabas ya shiga Indiya, wani ya ratso Sahara ya iso ƙasar Hausa. Ita ma gurasa daga Larabci take.

Tanderun Indiyawa yana da zafi matuƙa, yakan kai digiri 480, shi ya sa kaza take gasuwa a cikinsa da sauri ba tare da ta bushe ba. Duk abin da aka gasa a ciki ana kiran sa tanduri. Saboda haka "gasasshiyar kaza ta tanderu" ta wadatar, ba sai an ari komai ba. Wannan girki ya bazu a Delhi ne bayan 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan, lokacin da 'yan gudun hijira daga Fanjab da Peshawar suka zo da shi. Gidan abinci na Moti Mahal da ke unguwar Daryaganj ya yi suna a kan haka, kuma a can ne ake danganta asalin kazar nan da ake dafawa cikin miyar tumatir da bota. Abin ya yi daraja har a 2024 aka shiga Babbar Kotun Delhi tsakanin gidaje biyu, kowane yana cewa kakansa ne ya ƙirƙiro ta.

Akwai wasu da ba su ba ni wahala ba. Man da suke kira gi soyayyen man shanu ne, ƙamshinsa ma ya isa shaida. Lassi kindirmo ne da aka burga, sai dai dole tafinta ya tambaya ko na suga ne ko na gishiri, domin iri biyu ne. Samosa kuwa ta riga mu zuwa gida, kowa ya san ta a wajen biki. Shayi da cai ɗin Indiyawa 'yan gida ɗaya ne, asalinsu daga Sinanci.

Kama da wane ba ta wane

Matsala tana farawa ne inda abu ya yi kama da namu a ido amma ba shi ba ne. Ɗauki misalin panir, wani farin abu mai laushi da ake yankawa gunduwa-gunduwa a saka cikin miyar alayyafo. Duk wanda ya gan shi zai ce awara. To amma awarar da Bahaushe ya sani ta waken soya ce, shi kuwa panir da madarar shanu ko ta ɓauna ake yin sa, a tsinka ta da ruwan lemon tsami. Kalmar da ta dace ita ce cuku. Mu da muka taso a kudu mun fi saurin faɗawa wannan rami, saboda a Yarbanci wara na madara ne, wanda Fulani suke tsinkawa da tumfafiya, kuma sunan ya yi kusa da awara. Ga mai lafiya bambancin ba komai ba ne. Ga wanda aka hana maiƙo, shi ne komai.

Haka ma dal. Sunan ya ƙunshi ƙananan wake iri-iri da kuma romon da ake yi da su. Idan ka ce miyar wake ka kusa, domin ta yi kama da gbegirin Yarabawa. Amma wadda manyan gidajen abinci suke alfahari da ita, wato dal makani, baƙin wake ne da ake dafawa a kan wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i masu yawa, sannan a zuba bota da kirim ɗin madara. Makani ma ma'anarsa mai bota. Ga shi kuma a Hausa makani wani abu ne daban, wato gwaza. Don haka na ce wa Alhaji, "Baba, miyar wake ce, amma man shanu ya yi mata yawa." Ya ɗanɗana cokali ɗaya ya ture. Kuɓewa ma suna da ita, suna kiran ta bindi, sai dai soya ta suke yi har ta rasa yauƙi. Wanda ka ce wa miyar kuɓewa zai zauna jiran abin da ba zai zo ba. Soyayyiyar kuɓewa ita ce maganar.

Tarkon da ya fi ba ni mamaki yana cikin Ingilishi ne, ba cikin Indiyanci ba. Kalmar "mutton" a ƙamus naman tunkiya ce ko rago, amma a Indiya yawanci naman akuya ake nufi da ita. Ɗalibin da ya dogara da ƙamus kaɗai zai yi fassara mai kyau a takarda, ya kuma faɗi abin da ba haka ba. Na san dattawa da yawa da ba sa cin akuya saboda larura, don haka sai da na tambayi ma'aikacin kafin na buɗe baki.

Sai kuma kori. A wurinmu kori garin nan ne rawaya da ake sayarwa a ƙullin leda ko a gwangwani, a barbaɗa a shinkafa. A takardar jerin abinci kuwa sunan miya ne mai romo. Masana suna danganta kalmar da "kari" ta harshen Tamil na kudancin Indiya, Turawan Ingila ne suka ɗauke ta suka yafa wa kowace miya. Kukun Indiya ba ya aiki da garin kori guda ɗaya. Kowane girki da nasa haɗin, wanda suke kira masala.

Kalmar yaji

A ra'ayina nan ne Hausa ta fi Ingilishi bai wa tafinta kayan aiki, idan ya san su. Baƙo yakan tambaya, "Akwai yaji?" Abin da yake nufi shi ne zafin barkono. Amma yawancin abin da ke cikin masala kayan ƙamshi ne: kanumfari, kirfa, citta, gangamau, hulba, tafarnuwa, na'ana'a. Duk waɗannan Bahaushe ya san su, da yawansu ma sunayensu daga Larabci suka zo tare da fatake. Abincin gidan da muka je ya bi salon girkin sarakunan Mugal, waɗanda suka kafa daularsu a 1526, kuma wannan salo ya fi karkata ga ƙamshi da maiƙo, da kirim da kashu, fiye da zafi. Ni da na saba da miyar barkono ta Ibadan, sai na ji abincin bai kai rabin namu yaji ba.

Shi barkono ma baƙo ne a Indiya kamar yadda yake baƙo a wurinmu. Daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal ne suka kai shi bayan Vasco da Gama ya isa Kalikut a 1498. Kafin nan, zafin abincinsu daga citta yake da kuma baƙin ƙwayar nan ta gaɓar Malabar, 'yar'uwar masoro. Tsamiya kuwa akasin haka ta yi: asalinta Afirka, amma ta daɗe a can har Larabawa suka sa mata suna dabinon Indiya.

Saboda haka kada ɗalibi ya tsaya kan daɗi da yaji. Miyar tsamiyar da ake dangwala samosa tana da tsami da zaƙi tare. Hulba tana da ɗaci-ɗaci. Kazar tanderu tana da gardi da ɗan ƙaurin gawayi mai daɗi. Shinkafar basmati warara take, ba ta caɓewa. Kindirmon da ake haɗawa da kokwamba lami ne, aikinsa ya kashe zafi. Da irin waɗannan kalmomi mutum zai san abin da zai tarar tun kafin ya ɗanɗana.

Inda aro ya zama dole

Biriyani ba dafa-duka ba ce, ko da yake nan hankali yake fara zuwa. A dafa-duka ana haɗa komai a tukunya ɗaya a juya. A biriyani ana tafasa shinkafa rabin dahuwa, a jera ta hawa-hawa da nama, a yayyafa za'afaran, a liƙe bakin tukunyar da kwaɓaɓɓen gari, sannan a bar ta ta turara. Biranen Haidarabad da Laknau kowane yana da irin tasa. Tsadarta ma akwai dalili: sai an tsinki fure kusan 150 kafin a sami giram ɗaya na za'afaran. Abin da ba shi da ɗan'uwa irin wannan, gara a bar masa sunansa, a rubuta shi yadda baki zai iya, a bi shi da bayani sau ɗaya.

Batun yanka kuwa bayani kawai yake so, kuma a fili. A Indiya akwai alamar ɗigo kore cikin murabba'i, ma'ana babu nama, da alama ja ko mai ruwan ƙasa, ma'ana akwai nama ko ƙwai. Alamar ba ta faɗin yadda aka yanka dabbar. Akwai halal, akwai kuma jatka, wato sare kai da sara ɗaya, wanda mabiya addinin Sikh suke bi. Tambaya ce da ma'aikatan suka saba ji, ba sa ɗaukar ta rashin ladabi. Naman saniya babu shi a takardar ko kaɗan, domin doka ta hana yanka ta a Delhi.

Da aka zo kayan zaƙi, aka kawo gulab jamun, wasu dunƙule-dunƙule na madara da aka soya aka jiƙa cikin ruwan suga. Ban tsaya dogon bayani ba. Na ce, "Baba, ƙanin alkaki ne." Ya yi dariya ya ce, "To ci nawa, Allah ya yi maka albarka." Kwatancen bai cika ba, tunda alkaki da alkama ake yin sa, amma ya isar da abin da ake bukata a lokacin.

Takardar kuɗi ma tana da nata darasin. Hisab da Indiyawa suke cewa da lissafi namu duk daga Larabci suke, kamar duniya da sabulu da labari, waɗanda mai kallon finafinan Indiya yakan tsinci 'yan'uwansu a bakin 'yan wasa. A ƙasan takarda akan ga abubuwa da ya kamata a raba su da suna. Haraji na gwamnati ne, dole a biya. Kuɗin hidima gidan ne yake ɗorawa, kuma a 2022 hukumar kare masu sayen kaya ta Indiya ta hana a tilasta shi, Babbar Kotun Delhi ta tabbatar da hakan a 2025. Tukuici kuwa wanda ka ba ma'aikaci ne da hannunka don ka ji daɗin aikinsa. Ɗan kasuwa irin Alhaji, ko ba shi zai biya ba, sai ya ji sunan kowane kwabo kafin ya tashi daga kujera.