Amsoshin Tambayoyinku: Awon Kirim Mai Tsami Ba Tare Da Sikeli Ba

Wannan tambaya daga wata mai sauraronmu ce a Zariya. Ta ce ta samu tsarin haɗa wani kek na Amurka da ke buƙatar oza 8 na kirim mai tsami, ita kuwa ba ta da sikeli, sai kofi da cokali. Yaya za ta yi?

To Hajiya, kin yi sa'a, domin wannan kirim nauyinsa ya yi kusa da na ruwa. Oza 8 giram 227 ke nan, kusan cikin kofin awo ɗaya na Amurka, mai ɗaukar mililita 240 ba kaɗan. Oza 16 kofi biyu. Babban cokalin awo, mai mililita 15, yana ɗaukar kimanin giram 15, cokali 16 kuma su ne kofi guda.

Sai dai a kula, gwangwanin madara da aka saba awo da shi bai kai kofi ba. Kuma kada ki ɗauki wannan lissafi ki kai kan fulawa, kofinta bai fi giram 125 ba.

Wajen awon, ki fara juya kirim ɗin, domin ruwa kan taso samansa. Ki riƙa zubawa da cokali kina dannawa don kada iska ta ɓuya a ciki, sannan ki shafe bakin kofin da bayan wuƙa.

In kirim ɗin bai samu a kanti ba, kindirmo mai kauri da aka tsane a ƙyalle mai tsabta zai yi, awo ɗaya ne. Maiƙonsa dai bai kai ba, sai ki ɗan ƙara man shanu.