Nazari: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Kafin Shiga Rajistar Sayen Hotuna Ta Intanet

Masu ɗab'i, da kamfanonin tallace-tallace, da masu buga kalanda da fosta da allunan talla, kusan dukkansu ba sa rabuwa da bukatar hotuna masu kyau a sana'arsu. A da, sai an ɗauki mai hoto an biya shi ladan aikinsa. A yanzu kuwa akwai manyan kamfanoni na ƙasashen waje da suka tara miliyoyin hotuna a rumbunansu na intanet, inda mai bukata zai yi rajista, ya riƙa biyan kuɗi wata-wata, yana sauke adadin hotunan da aka ƙayyade masa.

Ko da yake wannan tsari ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ya zo da nasa koke-koken. Akasarin koke-koken ba kan ingancin hotunan ba ne. Sun fi karkata ne kan yadda ake cirar kuɗi daga katin banki, da kuma wahalar da ake sha wajen soke rajista. Babban darasin da ke cikin al'amarin shi ne, biyan kuɗi wata-wata daban, yarjejeniyar wata-wata kuma daban. Wanda bai bambance su ba, yana iya ɗaukar wa kansa bashin shekara guda cur ba tare da ya farga ba.

Asalin Wannan Ciniki

An kafa kamfanin Getty Images a shekarar 1995, wanda Mark Getty da Jonathan Klein suka assasa. A shekarar 2000 aka buɗe iStockphoto a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, wanda ya yi fice wajen sayar da hotuna da araha, har Getty ya saye shi a 2006 kan dala miliyan 50. A shekarar 2003 kuma Jon Oringer ya kafa Shutterstock a birnin Niyok da hotuna kimanin 30,000 da ya ɗauka da kansa, kuma wannan kamfani na daga cikin na farko da suka yayata tsarin rajista a wannan fanni. Shi kuwa kamfanin Adobe, ya sayi rumbun hotuna na Fotolia kan kuɗi kimanin dala miliyan 800, sa'an nan ya ƙaddamar da Adobe Stock a shekarar 2015. A watan Janairun 2025 ne Getty da Shutterstock suka ba da sanarwar aniyarsu ta haɗewa, a wani ciniki da aka ƙiyasta darajar kamfanin da zai haifar a kan dala biliyan 3.7.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka rungumi tsarin rajista ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ke sayar da hoto ɗaiɗai bai san abin da gobe za ta kawo masa ba, amma wanda ya ɗaure masu ciniki da yarjejeniyar shekara ya san kuɗin shigarsa tun kafin wata ya kama. Saboda haka duk mutumin da ya fice asara ce ga lissafin kamfani, abin da ya sa ƙofar shiga kan kasance a wangale, ta fita kuwa ƙunci gare ta.

Lasisi Ake Saye, Ba Hoto Ba

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, wanda ya sauke hoto daga waɗannan rumbuna bai mallaki hoton ba. Abin da ya saya shi ne lasisi, wato izinin yin amfani da hoton bisa wasu sharuɗɗa. Alal misali, ƙaramin lasisi a Shutterstock da Adobe Stock ya ƙayyade bugu a takarda kada ya wuce kofe 500,000, kuma bai ba da izinin buga hoton a kan kayan sayarwa irin su riguna da kofuna ba, inda hoton shi ne ainihin abin da ake saye. Wannan sai da babban lasisi, mai kuɗi daban. Har ila yau akwai hotunan da aka keɓe domin labarai kaɗai, waɗanda ba a yarda a yi tallar haja da su ba.

Wannan batu yana da nasaba da soke rajista. A wasu kamfanoni lasisin hoton da aka riga aka sauke yana nan daram ko bayan an fice. A wasu kuwa, hoton da ba a sa shi cikin wani aiki ba lokacin da rajista ke raye, ba a da izinin fara sabon aiki da shi daga baya. Kazalika rabon hotunan da mutum ya biya amma bai sauke ba, galibi yakan bi ruwa ne da zarar rajista ta mutu.

Inda Gizo Ke Saƙa

Bisa al'ada akan gabatar wa mai saye hanyoyin biya guda uku. Ta farko ita ce yarjejeniyar wata guda, wadda ake sabuntawa kowane wata. Ta fi tsada, amma ana iya barinta a ƙarshen kowane wata. Ta biyu ita ce yarjejeniyar shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko. Ta uku, wadda ta fi jawo ƙorafi, ita ce yarjejeniyar shekara da ake biya kashi-kashi a kowane wata. A ido ta yi kama da ta farko, tun da farashin wata ake nunawa da manyan lambobi, alhali kuwa a shari'ance mutum ya ɗauki alkawarin watanni 12 ne. Lamarin ya yi kama da zubin adashe: wanda ya shiga ba ya tsame hannu a tsakiya don kawai ya ga dama.

A ƙa'idar kamfanin Adobe, wanda ya soke irin wannan rajista cikin kwanaki 14 na farko ana mayar masa da kuɗinsa. Bayan haka kuwa, sai ya biya kashi 50 cikin ɗari na abin da ya rage a shekarar.

Domin a ga nauyin wannan sharaɗi, a ƙaddara cewa wani mai ɗab'i ya shiga rajistar shekara ta dala 30 a wata, saboda wani aikin kalanda da ya samu. Bayan watanni 4 aiki ya ƙare, ya riga ya biya dala 120. Saura watanni 8, wato dala 240, rabinsu kuma dala 120 ne. Ke nan zai tashi da biyan dala 240 a kan aikin watanni 4. Da a ce ya zaɓi yarjejeniyar wata guda, ko da kuwa a kan dala 50 ce, da dala 200 kaɗai zai kashe. A wannan lissafi, sai aiki ya kai watanni 6 kafin yarjejeniyar shekara ta fara yi wa mai ita rana. Ashe ke nan arahar da aka gani a farko tana da wutsiya.

Hanya ta biyu da ake faɗawa cikin matsala ita ce ta gwajin kyauta. Akan ba mutum 'yan kwanaki ko wata guda ya sauke hotuna ba tare da biya ba, amma da sharaɗin ya shigar da lambar katinsa. Ranar da wa'adin ya cika, idan bai soke ba, sai rajistar ta rikiɗe ta zama ta biya, wani lokaci ma ta shekara guda. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ta uku kuwa ita ce sabuntawa kai tsaye: shekara na cika sai wata sabuwa ta kama, sau da yawa bayan wata sanarwa ta imel da ta shige cikin tarin wasiƙu ba wanda ya kula da ita.

Matakan Da Hukumomi Suka Ɗauka

A Amurka akwai wata doka ta shekarar 2010 da ake kira ROSCA a taƙaice, wadda ta ɗora wa masu sayarwa ta intanet sharuɗɗa uku: su bayyana duk muhimman ƙa'idoji ƙarara kafin su karɓi bayanan katin mai saye, su sami amincewarsa a fili kafin su ciri kuɗi, sa'an nan su tanadi hanya mai sauƙi ta dakatar da cirar.

Bisa wannan doka ne Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, a madadin Hukumar Kula da Harkokin Ciniki ta Tarayya, wato FTC, ta gurfanar da kamfanin Adobe da wasu manyan jami'ansa biyu gaban wata kotun tarayya a jihar Kaliforniya cikin watan Yunin 2024. Ƙarar ta shafi tsarin rajistar kamfanin ne baki ɗaya. An zarge shi da tura masu saye zuwa ga yarjejeniyar shekara mai biyan wata-wata, da ɓoye kuɗin ficewa cikin ƙananan rubutu, da kuma wahalar da masu neman sokewa ta hanyar shafuka barkatai, da katsewar waya, da miƙa mutum daga wannan jami'i zuwa wancan. Takardar ƙarar ta ce akwai ma waɗanda suka ɗauka sun soke, sai daga baya suka tarar ana ci gaba da cirar kuɗinsu. A lokacin, kamfanin ya musanta zarge-zargen, yana mai cewa sharuɗɗansa a bayyane suke.

A watan Oktoban 2024 hukumar ta FTC ta fitar da wata ƙa'ida da ke neman soke rajista ya zama da sauƙi kamar shigarta, amma a watan Yulin 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ƙa'idar, bisa hujjar cewa ba a bi matakan da suka wajaba wajen tsara ta ba. Duk da haka, a watan Satumban 2025 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 domin sasanta wata ƙara makamanciyar wannan kan rajistarsa ta Prime, inda aka ware dala biliyan 1.5 domin mayar wa masu ciniki. Ita ma Birtaniya ta kafa wata doka a 2024 wadda ta ƙunshi tanade-tanade kan tunatar da mai saye kafin a sabunta masa rajista.

Yadda Abin Ya Shafi 'Yan Kasuwar Nijeriya

Ga ɗan kasuwar Nijeriya akwai ƙarin nauyi, domin da dala ake yanke farashi, shi kuwa da naira yake samu. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, ana sayar da dala a hukumance kan kimanin naira 460. Ya zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wato rajistar dala 30 da take cin naira 13,800 ta koma cin naira 45,000 ko fiye, alhali mai ita yana ɗaure da alkawarin shekara. Bugu da ƙari, akwai harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayarwa ta intanet alhakin karɓa, ban da abin da banki kan ɗora wajen canjin kuɗi.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye 'yancin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma haramta sharuɗɗan da suka kauce wa adalci. Dokar ta shafi duk harkar cinikin da tasirinta ya iso Nijeriya, kuma tarar dala miliyan 220 da hukumar ta ci kamfanin Meta a watan Yulin 2024 ta nuna cewa hannunta na iya kaiwa ga kamfanonin waje. Sai dai bin kadin dala 100 ko 200 a hannun kamfanin da ba shi da ofishi a ƙasar nan aiki ne mai cin lokaci, don haka rigakafi ya fi magani.

Abubuwan Lura

Kafin a shigar da lambar kati, ya kamata a nemi amsar tambayoyi huɗu: tsawon wa'adin yarjejeniyar, jimillar abin da za a biya a wa'adin, abin da za a caza idan an fice kafin lokaci, da kuma makomar hotunan da aka sauke bayan an fice. Wanda aikinsa na lokaci-lokaci ne, kamar na kalandar ƙarshen shekara ko fostocin zaɓe, zai fi cin riba idan ya sayi ƙunshin hotuna na biya sau ɗaya, ko ya tsaya ga yarjejeniyar wata guda.

Ya dace a buɗe rajista da sunan kamfani da adireshin imel na kamfani, ba na wani ma'aikaci ba, domin ma'aikaci na iya barin aiki ya tafi da kalmar sirri, kuɗi kuma na ci gaba da zurarewa. A rubuta ranar ƙarewar gwaji da ranar sabuntawa a littafin ofis, akawu kuma ya riƙa bin bayanin asusun banki layi-layi a kowane wata.

Idan aka zo sokewa, a bi matakan har ƙarshe, domin akan tare mutum da tayin rangwame ko na dakatarwa na ɗan lokaci, waɗanda ba sokewa ba ne. Kada a saki jiki sai an ga rubutacciyar shaida mai ɗauke da kwanan wata, a kuma adana ta tare da rasitai da takardun lasisi. Toshe kati ko barin asusu ba kuɗi ba ya warware yarjejeniya. Kamfanin na iya ci gaba da lissafa shi a matsayin bashi.

Idan kuwa an ciri kuɗi bayan an soke, sai a fara rubuta wa kamfanin tare da haɗa shaida. In bai saurara ba, a kai wa banki ƙorafi a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, tun da neman dawo da kuɗin kati yana da wa'adi. In bankin ya yi sakaci, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, akwai kuma hukumar FCCPC. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, abin da za a fara tambayar mai ƙorafi shi ne takardar shaidar ranar da ya soke.