Hutu a Dakar da tsibirin Gore

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Mu ƴan Garagumsa, ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na tabki, da na sama in damina ta faɗi. Ga labarin wani ɗan lakwal na garinmu wanda ya ga teku da idonsa. Ku karanta a hankali, ku bi hanyarsa bisa taswira.

1. Hanya

A shekarar 2018, ina aji biyar, kawuna da ke zaune a Dakar ya aiko mu zo mu yi babban hutu wurinsa. Inna ta daɗe ba ta ga wanta ba. Baba ya bar gona hannun Yaya, muka tashi mu huɗu: Baba, Inna, ni da ƙanwata Auta.

Mun shiga mota a Takeita. Muka bi Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, har Yamai. Wannan kaɗai ya fi kilomita 800. Daga nan muka canza mota, muka ratsa Burkina Faso da Mali, muka shiga Senegal. Ƙafafun Inna har sun kumbura don zama. Abu guda ya yi mana sauƙi: duk ƙasashen nan sefa suke kashewa, kamar mu.

2. Birnin Dakar

Dakar ita ce babban birnin Senegal. Tana bisa wani hancin ƙasa da ya shige cikin tekun Atlantika. A nan ƙasar Afirka ta ƙare ta wajen yamma. Tun daga 1902 har kusan samun ƴancin kai, a Dakar babban gwamnan Faransa yake zaune. Daga can yake mulkin ƙasashen yammacin Afirka da ke hannun Faransa, har da Nijar.

Kawu mai gashin nama ne. Mutanen Dakar suna son naman da Hausawa ke gasawa da yaji, har suna ce masa «dibi hausa». Ran da muka sauka, matar Kawu ta dafa mana shinkafa da kifi, abincin da suke kira cebujen.

Washegari Kawu ya kai mu bakin teku, unguwar masunta da ake kira Sumbejun. Na tsaya na kasa magana. Ruwa ne iyakar ganin ido, yana tasowa da ruri, ya watsa farin kumfa bisa rairayi, ya koma. Auta ta riƙe zanen Inna.

— Kawu, ina ɗaya gaɓar?

— Tana can Amurka, Auta. Ko babban jirgi sai ya yi kwanaki kafin ya kai.

Na ɗebi ruwan na kurɓa, na tofar. Gishiri ne, kamar an jiƙa kantun Bilma! Kawu ya yi dariya. Ya ce ba a shan ruwan teku, ba a ban ruwan garka da shi. Ya ce kuma cikin kwana ɗaya ruwan yakan hau sau biyu, ya janye sau biyu, wata ne ke jansa. Da la'asar masunta suka dawo cikin dogayen kwalekwale masu zane, mata suka rufe su suna cinikin kifi.

3. Tsibirin Gore

Ran Lahadi muka tafi tashar jirgin ruwa, muka yanki tikiti. Da jirgi ya fara lilo, Inna ta rufe ido tana salati. Cikin minti 20 muka sauka Gore.

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Gore tana nesa da Dakar da kilomita 3. Tsawonta mita 900 ne, faɗinta kuwa wajen mita 300. Ba mota ko ɗaya, kowa a ƙasa yake tafiya. Gidajen tsofaffi ne, wasu ja, wasu rawaya. Bisa hanyar hawa tudu akwai itatuwan kuka, irin na gida.

Ƙaramin wuri ne, amma Turawa sun yi ta faɗa a kansa, don jirage na samun mafaka a gefensa. Mutanen Fotugal suka fara isowa a 1444. Bayansu mutanen Holan suka zo, su suka sa masa wannan suna. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi sau da dama. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya.

4. Gidan Bayi

Kawu ya kai mu wani jan gida da ake kira Gidan Bayi. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 18, aka mai da shi gidan tarihi a 1962. Bene biyu ne. Sama akwai manyan ɗakuna masu iska, na masu gida. Ƙasa kuwa ƴan ɗakuna ne masu duhu da sanyi. Mai yi wa baƙi bayani ya nuna mana sarƙoƙi da mari na ƙarfe. A ƙarshen wani lungu akwai ƴar ƙofa da ke kallon teku, ana ce mata Ƙofar Tafiya Ba Dawowa.

Ya ce cikin shekara wajen 350, an loda ƴan Afirka fiye da miliyan 12 cikin jirage, aka nufi Amurka da su don noman rake, auduga da taba. Kusan miliyan 2 sun mutu cikin teku tun ba a isa ba. Masana tarihi sun nuna waɗanda suka fita ta Gore kaɗan ne in an gwada da na Wida, ko Ikko, ko Luwanda. Amma wannan gida ya zama wurin tunawa da su duka. Nelson Mandela ya zo nan a 1991.

Auta ta leƙa ƙofar, ta ja da baya. Ni kuwa na tambayi Baba:

— Baba, har da Hausawa aka tafi?

— Har da su. Ta Ikko da Wida aka fitar da su, da yawa aka kai su Bahiya, a ƙasar Barazil. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka yi tawaye a can.

— To, Turawa kaɗai suka yi wannan mugun aiki?

Baba ya yi shiru, sannan ya ce:

— A'a, ɗana. Turawa suka kawo jirage suka saya. Amma sau da yawa sarakuna da fatake na Afirka ne suka kamo mutane suka sayar. A ƙasarmu ta Damagaram ma, a ƙarni na 19, an kai hari ƙauyuka an kamo mutane. Ayari ya tafi da wasu arewa, ta cikin Sahara, har Tarabulus. Su ma ba su dawo ba. Tekunsu na rairayi ne.

— Yanzu fa?

— Faransa ta hana bauta a ƙasashen da ke hannunta a 1848. A Nijar, dokar 2003 ta ce wanda ya bautar da mutum, ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne hukuncinsa. Amma har yau ana jin yaro ya zagi ɗan'uwansa, ya ce masa ɗan bayi. Kada in taɓa jin wannan a bakinka. Ka ga ɗakunan nan da idonka.

5. Makarantar malamai

Kafin mu koma jirgi, Kawu ya nuna mana wani tsohon gini. Ya ce a nan makarantar William Ponty take daga 1913 zuwa 1937. A cikinta aka horar da malaman lakwal na ƙasashen yammacin Afirka. Bubu Hama ya yi karatu a nan, ya fito malami a 1929. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, shi ma a nan ya yi karatu. Inna ta dube ni ta ce: «Su ma daga nesa suka zo, kamar kai. Boko ya kawo su.»

Mun yi kwana 20 a Dakar. Auta ta tsinto katantanwar teku cike da leda. Ni kuwa na ɗuro ruwan teku cikin kwalba, na kawo wa Kaka tsaraba. Ta ɗanɗana, ta yamutse fuska, ta ce: «Lalle gani ya kori ji!»

Ma'anar kalmomi

Gaɓa: bakin ruwa, inda ƙasa ta fara.
Mari: ƙarfen da ake ɗaure ƙafafu da shi.
Ayari: fatake masu tafiya tare da raƙumansu.
Ƙarni: shekara 100.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe iyalin suka ratsa kafin su isa Dakar?
2. Don me ba a shan ruwan teku?
3. Mene ne tsibiri? Nawa ne tsawon Gore?
4. Me Baba yake nufi da ya ce «tekunsu na rairayi ne»?
5. Me dokar 2003 ta ce?
6. In ka ji an ce wa abokinka ɗan bayi, me za ka yi?

Aiki

a) Zana taswirar yammacin Afirka cikin littafinka. Ja layi daga Takeita zuwa Dakar.
b) Lissafi: shekara nawa ne daga 1848 zuwa 2003?
c) Tare da malaminku, ku nemo sunan waɗannan da faransanci: teku, tsibiri, jirgin ruwa, bawa, ƴanci.
d) Tambayi kakanka ko kakarka labarin ayarin da ke tashi daga Damagaram a zamanin da. Rubuta shi cikin layi 10.